Jan Alli a Bayan Bargo

Ranar Asabar

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a wurin ginin gadar nan. Yaya bayan naka? Kana shafa maganin da na cusa maka a aljihun jaka, ko shi ma ya zama kayan ado kamar na bara? Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi, har tana fita bakin ƙofa da kanta ta yi wa masu babur faɗa. Auta ta koma makaranta ranar Litinin, ta tafi da ƙaramar tukunyata ba ta tambaye ni ba. Tunda waya ba ta shiga dajin naku, zan ba direban da yake kai muku siminti wannan ya miƙa maka.

Na san abin da za ka fara tambaya cikin tsokana, don haka ga amsa: sabon bargon ya kai gida saba'in da ɗaya, saura tara. Ka tuna kowane gida murabba'i ne kamar tafin hannu biyu, da tauraro mai tsini takwas a tsakiya, ƙyalle talatin da biyu ne ke shiga cikinsa. Dole tsinin nan takwas su haɗu a wuri ɗaya kamar bakin allura. In ɗaya ya kauce da kaurin zare, sai cikin tauraron ya kumbura, ko ka kwana kana guga ba zai kwanta ba. Jiya sau uku ina warware guda ɗaya. Inna tana kallona ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da zai yanka yadi gutsi-gutsi don ya sake haɗa shi ba, sai matar ɗanta.

Yanzu za ka ce ina na sami lokacin yin gida shida a mako ɗaya, ni da nake yin ɗaya da ƙyar. To, ka nemi wuri ka zauna. An dakatar da ni daga aiki.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna tashi daga masaƙa, mai gadi ya tsayar da ni a ƙaramar ƙofa ya ce an ba shi umarni ya buɗe jakar kowa. Kunya ta hana shi ɗaga ido, don shekara nawa muna gaisawa. Na buɗe masa da hannuna. Ƙyallayena ne a ciki, kamar kowace Juma'a. Kai ka fi kowa sanin aikina: ina tsaye a teburin fitila, yadi yana wucewa a gabana, inda na ga aibi, ko launi ya goce ko zare ya ƙulle, in ja alli in yanke wajen in jefa a kwando. Ƙarshen mako a kwashe kwandon a ƙone a bayan gini. Shekara goma sha tara ke nan da tsohon manaja, Allah ya jiƙansa, ya ce in riƙa tsintar abin da nake so a ciki. Da baki ya faɗa, ban nemi takarda ba, don lokacin maganar baki ta isa.

Sabon manajan bai san wannan ba. Yaro ne mai tabarau, sa'an babbar 'yarmu, wata uku ke nan da zuwansa. Litinin ya ba ni takardar tuhuma, ya ce in zauna a gida har kwamiti ya zauna nan da mako uku.

Kada ka tayar da hankalinka, kuma kada in ji ka nemi izini ka taho. Ban ɗauki abin kowa ba. Ina cin abincina, ina barcina, kuma hasken hantsi a tagar ɗakinmu ya fi na yamma kyau ga mai zira allura, ban taɓa sani ba sai yanzu.

Ka gaida abokin ɗakinka mai minshari. Allah ya tsare min kai.

Taka har kullum,
Uwar Ƙyallaye


Ranar Laraba

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mun ji an yi ruwa mai ƙarfi a wajenku, Allah ya sa bai yi muku ɓarna ba. Mu lafiya lau, Inna tana sa maka albarka.

Takardarka ta iso jiya. Na karanta ta sau biyu, na ga inda alƙalami ya huda takarda don fushi. Na gode da fushin. Amma shawarwarinka biyu ban karɓi ko ɗaya ba, kuma ka yi haƙuri da ni. Ba zan kwashe barguna in kai gidan Yaya in ɓoye ba. Wanda ya ɓoye abu ai ya amsa laifi ke nan tun ba a tambaye shi ba. Kuma ba zan ɗauki dattijo ya raka ni ba da haƙuri ba, don ban san a kan me zan ba da shi ba.

Ashe maganar ta fi yadda na zata. Shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata ya zo gida ranar Lahadi, ya zauna a kan kujerarka yana ta juya hula a hannu. Shi ya gaya min cewa bandir goma sha huɗu na yadi mai kyau sun ɓata daga sito cikin wata shida. Wani ya raɗa wa manaja cewa ni ce nake yanka lafiyayyen yadi ina fitar da shi kaɗan-kaɗan da sunan ƙyalle. Ya zo da takarda a rubuce, wai in sa hannu na yi kuskure, shi kuma zai roƙa a sallame ni cikin mutunci ba tare da an kira 'yan sanda ba. Na san nufinsa alheri ne. Na ba shi shayi, na ninke takardarsa na mayar masa. Na ce shekara biyu suka rage min in yi ritaya, kuma ta babbar ƙofa zan fita, ba a matsayin ɓarauniyar da aka ji tausayinta ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bayan tafiyarsa jikina ya yi sanyi. Maganar ta riga ta zaga layinmu. Maƙwabciyarmu ta gidan kusurwa, wadda ba ta kwana biyu ba ta leƙo ta karɓi ƙyallen faci ba, yanzu daga nesa take ɗaga min hannu. Litinin na zauna yanka, na ɓata alwatika bakwai na shuɗin nan da ba ni da irinsa kuma. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Inna ta ji, na yi kukana ya ishe ni, na wanke fuska na fito. Sau ɗaya ne, kuma ba za a yi na biyu ba.

Inna ce ta fitar da ni, ba ta ma san ta yi ba. Ina goge wani gidan bargon ta baya, ina kwantar da bakin ɗinki, ita tana zaune tana riƙe min sauran. Sai ta kai ɗaya kusa da idonta, ta ce wace irin ƙazanta ce wannan ja-ja a bayan ɗinkina, in ba ta ta wanke min. Na ce ai allin wurin aiki ne, mai maiƙo ne, ba ya fita da wanki. Ban rufe baki ba na ajiye dutsen guga, har ya kusa ƙona tebur.

Baban Auta, ka gane? Duk abin da na yanke a masaƙa sai na ja masa jan alli a gefe biyu kafin almakashi ya taɓa shi. Lafiyayyen yadi alli ba ya hawa kansa. Ni kuma, don rowar ƙyallen da kake min dariya a kai, har bakin allin nake yankawa, in tura jan layin da aibin cikin ninkin ɗinki inda ido ba ya gani. Na juya gidajen nan ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Babu wanda na juya na rasa ja a wuri biyar ko shida. Ga inda kore ya hau kan rawaya, ga inda zare ya ƙulle, duk suna nan kwance a baya. Shaiduna suna cikin gidana shekara goma sha tara, ni ina banɗaki ina kuka.

Na rungume Inna har ta ce in sake ta kada in karya mata ƙashi.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama. Na cika gida tamanin, na fara haɗa su layi-layi. Kai dai ka riƙa cin abinci a kan lokaci, ka bar min wannan.

Matarka mai taurin kai, kamar yadda ka rubuta,
Uwar Ƙyallaye


Ranar Alhamis da yamma

Zuwa ga Baban Auta,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji amma ranta fes. Yaya jiki, yaya aiki? Ina fata ƙurar siminti ba ta tayar maka da tarin nan ba. Mu lafiya. Yanzu na dawo, ko mayafi ban cire ba na ɗauki alƙalami, don direba zai wuce da sassafe.

Na tafi da barguna biyu. Sabon, wanda ban sa masa shafi ba tukuna, da kuma babban na kan gadonmu. Kada ka yi tsalle, bari ka ji. Na san akwai wanda zai ce sabon na shirya shi ne bayan an dakatar da ni, shi ya sa na naɗe tsohon na ɗaure da igiya, mai tasi ya taya ni sa shi a bayan mota.

A ɗakin taro na sama aka zauna. Manaja a tsakiya, matar ofishin ma'aikata a damansa, shugaban ƙungiya a hagu. Sai aka shigo da mai ba da shaida. Mai Sito ne. E, shi, wanda kuke zama benci ɗaya a wurin mai aski, wanda na yi shekara ashirin ina raba abincin rana da shi in matarsa ta yi tafiya. Ya zauna yana kallon bango, ya ce ya daɗe yana ganina ina fita da jaka a cike, abin yana damunsa amma yana jin nauyina. Na so in yi masa faɗa, na fasa. Ba ranar wannan ba ce.

Da aka ba ni dama, na shimfiɗa sabon a kan dogon teburinsu. Matar ofis ta ce kai, ta kai hannu ta shafa taurarin kafin ta tuna inda take. Na bar su suka kalla, sannan na kife shi. Na yi musu bayanin allin da aibin kamar yadda nake koya wa sababbin ma'aikata. Manaja ya cire tabarau ya sunkuya, yana bin ɗinkin da yatsa. Ya daɗe. Zan faɗi gaskiyarsa, yaron yana duba abu da kyau, da an kawo min shi teburin fitila da na yi ma'aikaci da shi.

Kamar yadda na zata, Mai Sito ya ce wannan ai mako uku ina gida da shi, wa ya san abin da na shafa masa. Ya ce a tambaye ni babban da kowa yake labari, wanda aka rufe bayansa.

Na kwance igiya. Ka san shekara huɗu na yi a kan bargon nan. Ka san da hannu na bi shi layi-layi, na haɗa fuska da auduga da shafi, har ɗan yatsana ya yi kanta. Na ciro almakashina daga jaka, na ce wa manaja: "Ranka ya daɗe, nuna duk inda ka ga dama." Ya ce ba sai an ɓata shi ba. Na ce an riga an ɓata abin da ya fi shi, ya nuna kawai.

Ya nuna tsakiya. Na sa almakashi na farke shafin, na tsinke ɗinkin shekara huɗu, na ɗaga audugar. Ga jan alli nan, ya ɗan kode amma yana nan, kusa da wani fure da aka daina bugawa tun Auta tana firamare. Ya nuna kusurwa, na farke. Matar ofis ta nuna gefe, na farke. Manaja ya ce ya isa haka. Na ce akwai wanda bai nuna ba tukuna, na juya wajen Mai Sito na miƙa masa gefen bargon. Bai ɗaga hannu ba. Sai na zaɓa masa da kaina na farke na huɗu.

Daga nan na faɗi abin da na je faɗa. Na ce na ɗauki abin da za a ƙone ba tare da takarda ba, wannan laifina ne, a hukunta ni a kansa. Amma bandir ɗaya sai ƙarti biyu suke ɗaga shi, kuma goma sha huɗu ba sa bin ƙaramar ƙofa a cikin jakar mace mai ciwon kafaɗa. In ana neman su, a tambayi babbar ƙofar da motoci suke bi, da wanda yake riƙe makullinta. Ban kalli kowa ba da na faɗa. Na naɗe kayana, na yi musu sallama.

Sun ce za su rubuto min. Ban san abin da za su rubuta ba, amma yau shugaban ƙungiya da kansa ya ɗauko min bargon har bakin titi, bai bari mai gadi ya taɓa ba.

Sai dai gadonmu ya zama tsirara. Da na shimfiɗa bargon a ɗaki na ga ramukan nan huɗu da audugar a waje, sai na zauna a bakin gado ina kallonsa. Inna ta tsaya a kaina ta ce, to, ga aikin yi ya samu, dama kina neman sa.

Ka yi mana addu'a. Ina kewarka fiye da yadda zan rubuta a takardar da direba zai riƙe.

Taka,
Uwar Ƙyallaye


Ranar Lahadi

Zuwa ga Baban Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Da fatan kana lafiya, kuma an gama zuba ginshiƙin da ka ce yana ba ku wahala. Inna lafiya, Auta ta kira ta ce a gaishe ka. Ban gaya mata komai ba sai da aka gama, ta yi ta faɗa a waya wai an mayar da ita yarinya.

Na koma aiki tun Litinin. Takarda biyu aka ba ni. Ɗaya ta gargaɗi ce a kan ɗaukar kaya ba izini a rubuce, na sa hannu ban yi musu ba, don gaskiya ce. Ɗayar izini ce mai hatimi, in ɗebi abin da nake so daga kwandon ƙonawa har ranar da zan bar aiki. Manaja bai kira ni ofis ba. Shi ya sauko har teburin fitila, injuna suna ruri, ya tsaya a gaban kowa ya ce: "Mama, na yi gaggawa, ki yafe min." Na ce na yafe, amma ya matsa gefe yana tare min haske. Duk sashen aka fashe da dariya, har da shi.

An gano bandiran, ko in ce an gano hanyar da suka bi. Mai Sito ne da wani direban kamfani, suna sa su a ƙarƙashin kayan da za a kai wa 'yan kasuwa. Direban ne ya fara amsa laifi. An kore su su biyun, kuma maganar tana hannun hukuma.

Jiya da hantsi ina tsakar gida, na baza bargonmu a kan tabarma ina auna sabon shafi, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Matar Mai Sito ce. Ta rame kamar ta yi jinya. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ciro wani abu daga leda ta ajiye a gabana: ƙaramin bargon da na ɗinka lokacin da aka haifa musu jika, mai jiragen ruwa rawaya. An wanke shi, an goge, an ninke. Ta ce ba ta da idon da za ta riƙa ganinsa a ɗakinta, kuma ta rantse ba ta san abin da mijinta yake yi ba sai ranar da aka zo aka tafi da shi. Ta ce jikan yana ta kuka tun da aka ɗauke, don ba ya barci sai da shi, amma gara ya yi kukan.

Ban shirya wa wannan ba. Zan gaya maka gaskiya, mijinta ban yafe masa ba tukuna. Da ya yi satarsa ya bar ni, da tsakaninsa da kamfani ne. Amma ya zauna ya zaɓe ni, don ya san jakata ba ta rabuwa da ƙyalle. Wannan zai ɗauke ni lokaci, kuma ba zan yi ƙaryar ya wuce ba. Sai dai matar nan ba ita ta zauna a ɗakin taro ba, jaririn kuma bai san ma akwai masaƙa a duniya ba.

Na mayar da bargon cikin ledarta na ce ba nata ba ne balle ta dawo da shi, ta kai wa mai shi. Ta fara kuka. Ni kuma ba na iya kallon mai kuka hannuna ba komai, sai na zira zare a allura na miƙa mata. Na ce tunda ta zo, ga rami huɗu, ni kaɗai ba zan gama kafin ka dawo ba. Ta ce ba ta iya irin ɗinkina ba. Inna daga kan kujerarta ta ce babu wanda ya iya, ta zauna kawai.

Ta zauna. Mun yi har azahar, ba mu yi maganar kowa ba sai ta zare da ciwon gwiwa. Ita ta rufe ramin kusurwa, ni na yi na tsakiya. Da za ta tafi na ce ta dawo Asabar mai zuwa, saura biyu. Maƙwabciyarmu ta gidan kusurwa ta gan ta tana fita daga gidanmu, na tabbata kafin la'asar layin nan kaf ya ji. Su ji.

Bayan tafiyarta na ɗaga wajen da ta ɗinka na duba a rana. Baban Auta, ɗinkin a karkace yake, wani taku dogo wani gajere, har da inda ta haɗa da audugar ta tattare. Da ni na yi shi, ko minti ɗaya ba zai yi ba zan warware. Na ɗauki almakashi, na riƙe, na ajiye. Yana ta gefen da kake kwanciya, kusa da ƙafa. In ka dawo ƙarshen wata za ka ji shi, kuma ban yarda ka ce komai ba.

Allah ya kawo min kai lafiya. Inna ta ce ka taho mata da irin man zafin nan na wancan karon.

Matarka mai jiranka,
Uwar Ƙyallaye